Akori-kurata ta ƙi riƙe silo: laifin kafireta ne ko na wani wuri?

Mai Akori-kura, Pantami

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida iyayenmu da yayyenmu na wannan zaure, musamman masu sana'ar kanikanci da tsofaffin direbobi. Ina da akori-kura Peugeot 504, haɗin Kaduna, wadda na gada daga mahaifina, kuma da ita nake ɗauko masara da wake daga kasuwannin ƙauye zuwa Tudun Hatsi. Yau kusan mako shida ke nan ta ƙi riƙe silo, wato inji ba ya ci gaba da juyawa a hankali idan an ɗaga ƙafa daga totur. Da safe takan tashi da bugu ɗaya idan na ja cok, a kan hanya kuma ba ni da abin da zan ce da ita, domin ko a makon jiya buhu goma na ɗauko daga Kumo, ba ta gaza ba ko a hawa. Matsalar ba ta zuwa sai inji ya yi zafi. Da zarar na ɗaga ƙafa daga totur domin in tsaya a shataletale ko a shingen jami'ai, sai inji ya fara karkarwa, sitiyari ya ɗauki rawa, daga nan ta mutu.

Na kai ta wani gareji, yaron da ya duba ya murɗa sukuru guda, silo ya hau, aka ce an gama. Yanzu ba ta mutuwa sosai, amma inji yana ihu a tsaye, giya ta ɗaya tana gurnani kafin ta shiga, idan na kashe makulli kuma sai inji ya ci gaba da kakari na ɗan lokaci kafin ya tsaya. Shan mai ma ya ƙaru, kowa kuwa ya san inda fetur ya kai tun da aka cire tallafi a 2023. An ba ni shawarar in sayi sabuwar kafireta, wato na'urar da ke haɗa wa inji mai da iska, in huta. Kafin in zuba kuɗin, na ga ya dace in ji ta bakin manya.

Direban Dukku

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka wahalar da kanka, jet ɗin silo ne ya toshe, wato ɗan ƙarfen nan mai rami da ke auna man silo a cikin kafireta. Na yi shekara tara ina jan irin wannan mota tsakanin Dukku da Gombe, kuma duk lokacin hazo sai ta yi mini haka. Ramin jet ɗin bai kai kaurin allurar ɗinki ba, ƙwayar yashi ɗaya ta ishe shi. Mu da muke shiga ƙauye muna shan mai a hannun 'yan bumburutu, daga jarkar da Allah kaɗai ya san abin da ta taɓa ɗauka, ba ma rabuwa da wannan. Ka kwance shi, ka wanke da fetur, ka hura, ka mayar, sannan ka sa sabuwar matatar mai. Aikin minti goma ne.

Tsohon Bakanike, Jekadafari

Wa alaikumus salam, yaro. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya bar maka mota mai amana. Direban Dukku zai iya yin gaskiya, amma ni ba na yanke wa mota hukunci kafin in ji shaidu. Kafireta ita ce karkatacciyar kuka mai daɗin hawa: tana zaune a sama, sukurorinta a fili, kowa da sukudireba a aljihu, saboda haka duk laifin da inji ya yi ita ake fara kamawa. A cikin motocin da aka kawo mini da sunan ciwon kafireta, da yawa ban taɓa ta ba suka warke.

Ka amsa mini waɗannan. Idan inji ya yi zafi yana neman mutuwa, ka ja cok zuwa rabi, yana daidaita ko yana ƙara shaƙewa? Idan mota tana tsaye ka taka birki da ƙarfi ba tare da ka taɓa komai ba, sautin inji yana sauyawa? Wane launi bakin fulogai yake? Sannan kafin ciwon ya fara, wane aiki aka yi mata na ƙarshe? Wannan ta ƙarshen ita na fi so ka tuna da kyau, domin mota ba ta cika kwana lafiya ta tashi da irin wannan hali haka kawai ba.

Mai Akori-kura, Pantami

Baba, na gode, Allah ya ƙara girma. Na gwada duka bayan sallar la'asar. Idan na ja cok zuwa rabi, inji yana lafawa ya zauna daidai. Idan na taka birki a tsaye, sautin yana sauka, ya yi kamar zai mutu, sannan ya farfaɗo. Fulogai huɗun na kwance su, babu baƙin hayaƙi ko kaɗan, bakinsu fari ne kamar an shafa toka. Game da aikin ƙarshe kuwa, kimanin wata biyu da suka wuce an sauke kafireta an wanke ta, ba don tana da laifi ba, sai don an ce ta daɗe ba a wanke ba. Na tuna da aka zo mayarwa gasket ɗin ƙasa ya yage, yaron ya yanko wani daga kwalin sabulu ya sa, ya ɗaure notocin da iyakar ƙarfinsa.

Malamin Kanikanci, Kumo

Da izinin Baba, zan ɗan yi bayanin abin da ke faruwa a ciki, domin shi ne zai nuna dalilin da ya sa maganar Direban Dukku da abin da Baba yake zargi, wato shigar iska ta ɓarauniyar hanya, suke kama da juna a ido. Injin fetur yana son iska da mai su haɗu a kan wani ma'auni, kusan kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai idan aka auna da nauyi. Lokacin da mota take gudu, faifan totur a buɗe yake, iska tana wucewa da ƙarfi ta maƙogwaron kafireta, ita ce take janyo mai daga babban jet. A silo kuwa faifan kusan a rufe yake, iskar da take wucewa ba ta da ƙarfin da za ta janyo komai daga babban jet, shi ya sa aka yi wata ƙaramar hanya dabam wadda take ɗauko mai ta jet ɗin silo, ta bi ta cikin jikin kafireta, ta fito ta wani ɗan rami a ƙarƙashin faifan, inda zuƙar inji ta fi ƙarfi. Ke nan mota za ta iya yin gudu lafiya ƙalau alhali hanyar silo a lalace take, domin hanyoyin biyu ne.

To, farin fulogi da kuma lafawar inji idan an ja cok duk abu ɗaya suke faɗa: iska ta rinjayi mai. Amma hakan yana faruwa ta fuska biyu. Ko dai mai ya ragu saboda jet ya toshe, ko kuma iska ta ƙaru saboda tana shiga ta ɓarauniyar hanya a ƙasan faifan, inda kafireta ba ta san da ita ba balle ta ba ta nata rabon man. A gudu, ɓarauniyar iskar ba ta da tasiri, domin ɗigo ce a cikin kogi. A silo kuwa, inda dukan iskar da inji yake sha 'yar kaɗan ce, tsaga mai faɗin farce ta isa ta ɓata lissafi. Cok ba ya bambanta su, domin shi aikinsa kawai ya ƙara mai. Abin da yaron gareji ya yi kuma shi ne ya buɗe faifan har mota ta fara cin mai daga ramukan da ke sama da na silo, wato ya rufe ciwo da tsumma. Kakarin da inji yake yi bayan an kashe makulli daga nan ya samo asali, domin faifai a buɗe da inji mai zafi sukan sa haɗin ya ci gaba da kamawa da kansa ba tare da wutar fulogi ba.

Direban Dukku

Allah ya gafarta Malam, bayanin ya fito, kuma ai bai kore maganata ba. Tun da duka biyun suna iya yiwuwa, hankali ya ce a fara da mai sauƙi. Kwance jet ba ya cin ko sisi. Ni abin da nake gudu shi ne a tsorata bawan Allah da dogon bincike, ya ajiye mota mako guda a lokacin kaka, alhali datti ne kawai. Kuma kada a manta da irin man da muke sha. A watan Fabrairun 2022, da gurɓataccen fetur mai yawan sinadarin metanol ya shigo ƙasar nan, motoci nawa ne suka kwanta? Tawa sai da na sauya robar famfon mai. Tsohon tanki kuma yana da tsatsa, ko ka wanke jet yau, jibi ya sake kawo wata.

Mai Kayan Gyara, Gombe

Ni dai a matsayina na wanda yake zaune a shago yana ganin masu irin wannan mota kullum, shawarata ita ce wadda aka ba shi tun farko. Kamfanin Kaduna ya fara haɗa Peugeot a 1975, ita 504 kuma an daina haɗa ta tun tsakiyar shekarun 2000, saboda haka ko ƙaramar cikinsu ta kusa shekara ashirin. Kafiretar da ta yi wannan shekaru, hannu nawa ya shige ta? An tsokale jet da waya, an murɗe sukurori har sun cinye, an yi faci a fulot. Akwai sababbi a kwali, a ɗaura a tayar. Kuɗin da za a kashe a zirga-zirgar gareji da ranakun da ba a yi lodi ba, idan aka tara, ya fi kuɗin sabuwa.

Tsohon Bakanike, Jekadafari

Alhaji, kasuwa ta yi albarka, amma a nan ban bi ka ba. Idan iska tana shiga ta tiyo ko ta gindin manifol, wato bututun da ke kai haɗin iska da mai daga kafireta zuwa inji, ko kafiretar zinariya ka ɗaura, ciwon yana nan, sai dai a ƙara masa da asarar kuɗi. Na biyu, waɗannan na kwali da ba su da sunan maƙeri a jiki, na buɗe da yawa, na tarar jet ɗin da ke ciki ba lambar injin ba ne, wani ma babu lamba a kansa sam. Tsohuwar kafiretar asali, ƙirar Solex, idan jikinta bai tsage ba, gyaruwa take yi. Ban ce ba a sayen sabuwa ba, amma sai an tabbatar tsohuwar ta mutu kafin a yi mata sutura.

Kuma ku lura da abin da yaron nan ya faɗa wanda kowa ya tsallake. Ya ce idan ya taka birki a tsaye inji yana sauka. Toshewar jet ba ta san an taka birki ba. Abin da ya haɗa birki da inji a motar nan guda ɗaya ne, wato tiyon da ya taso daga manifol zuwa bustar birki, wadda take amfani da zuƙar inji ta sauƙaƙa taka birki.

Mai Gyaran Wuta, Bolari

Ina neman afuwar manya, zan sako wani ɓangare da ba a taɓo ba. Kafin a murɗa sukurun kafireta ko ɗaya, ya kamata wuta ta zama daidai, in ba haka ba saitin da za a yi a kan karkataccen tushe zai zauna. A wannan inji tazarar kwantak, wato ƙarfen da ke buɗewa yana rufewa a cikin distiributa mai raba wa fulogai wuta, milimita 0.40 ce, ta fulogi kuma 0.6. Idan ƙafar kwantak ta cinye, tazarar takan ragu, taimin ya koma baya, silo ya yi rauni. Haka nan tafet, wato tazarar bawul, ana saita shi inji na sanyi, 0.10 a bawul ɗin shiga, 0.25 a na fita, kuma bawul ɗin da ya matse yakan nuna halinsa ne daidai lokacin da inji ya yi zafi, kamar yadda ɗan'uwa ya kwatanta. Wanda zai yi aikin ya tuna cewa Peugeot tana ƙidaya silinda ta ɗaya ne daga ɓangaren kuloci, ba daga gaban lagireto ba, jerin wutar kuma 1-3-4-2 ne. Yara da yawa da suka saba da motocin Japan a nan suke ruɗewa. Akwai kuma ɗan tiyon da yake zuwa distiributa, shi ma idan ya tsage ɓarawon iska ne.

Mai Akori-kura, Pantami

Ina godiya ga kowa. Na bi shawarar Direban Dukku tukuna tun da ita ce a hannu. Na kwance jet ɗin silo da safe, na ɗaga shi sama ina duban rana ta cikinsa. Akwai ɗan datti ja kamar garin bulo a gefe, amma ramin a buɗe yake, har ma na ga bakinsa ba zagaye yake ba, ya yi kamar an taɓa cusa masa waya. A ƙasan kwanon mai ma na tarar da jan gari, na wanke shi. Na sa sabuwar matata. Kwantak kuma na auna da ma'aunin tazara da na aro, ya matse kaɗan, na mayar da shi 0.40. Gaskiya ta ɗan yi sauƙi, tashinta ya fi kyau, amma da na sassauta sukurun da yaron ya ɗaure domin silo ya sauko, sai karkarwar ta dawo. Wani abin mamaki, ɗayan sukurun, wanda ake ce wa na iska, na juya shi ciki da waje, inji bai nuna ya san ana yi ba.

Tsohon Bakanike, Jekadafari

Madalla, yanzu ka kawo shaidar da nake jira. Wannan sukurun da muke kira na iska, a Solex haƙiƙa man silo yake aunawa, idan ka fito da shi mai ya ƙaru, idan ka shigar ya ragu. A lafiyayyar kafireta, rabin juyi ya isa kunnenka ya ji bambanci, idan ka shigar da shi gaba ɗaya kuma inji mutuwa zai yi. Tun da ka juya bai amsa ba, inji ba ta hanyar silo yake rayuwa ba.

Ga abin da za ka yi, kuma ka yi shi a fili, ba a cikin rumfa ba. Ka bar inji ya yi zafi. Ka cire tiyon busta daga manifol, ka toshe bakin ƙarfen da babban yatsanka, ka saurara. Idan inji ya daidaita, ɓarawo yana wajen tiyo ko busta. Bayan haka ka samo gorar ruwa, ka huda murfinta da ƙusa, ka riƙa tsiyaya ruwa kaɗan-kaɗan a kewayen gindin kafireta, da inda manifol ya haɗu da kan inji, da bakin sandar da faifan totur yake juyawa a kanta. Duk inda ruwa ya taɓa sautin inji ya sauya, nan ne. Na san wasu da fetur suke yin wannan gwaji, ni kuma na taɓa ganin gemun mutum ya tafi a kansa, saboda haka ruwa na ce. Ita busta kuma gwajinta dabam: ka kashe inji, ka taka birki sau biyar har ya yi tauri, ka riƙe shi a take, ka tayar. Idan feda ta ɗan nutse ƙarƙashin ƙafarka, busta tana aiki.

Mai Akori-kura, Pantami

Baba, Allah ya saka da alheri, an kama ɓarayi har biyu. Da na cire tiyon busta na toshe da yatsa, inji ya canza murya nan take. Na juya tiyon a hannuna, daga sama lafiya lau yake, amma ta ƙasa, daidai inda ya lanƙwasa kusa da zafin inji, ya bushe ya tsage tsawon gaɓar yatsa, tsagar ba ta buɗewa sai an lanƙwasa shi. Ita busta ta ci gwajinta, feda ta nutse. Sai na zo gwajin ruwa, ina zubawa a gindin kafireta ta ɓangaren baya sai na ji inji ya yi tari, na ga ruwan yana shigewa da idona. Na sauke ta. Kwalin sabulun ya jiƙe da mai ya zama kamar tuwo, gefe guda ma babu shi. Na ɗora gindin kafiretar a kan gilashi, sai ga shi yana rawa, haske yana wucewa ta tsakiya, wato ɗaurin da aka yi wa notocin ya lanƙwasa kunnuwan biyu.

Wani dattijo a layinmu ya shimfiɗa samfefa mai laushi a kan gilashin, ya riƙa goga gindin a hankali yana zagayawa, har ƙarfen ya yi haske bai ɗaya. Na sayi gasket na gaskiya da tiyo a shago, na ɗaure notocin bi da bi ba tare da na danne su ba.

Direban Dukku

To, alhamdu lillahi. Na yarda Baba ya riga ni gani, ba a banza gemu ya yi fari ba. Amma a rubuta mini ladana: jan garin da ka gani a kwano daga tanki ya zo, kuma bai ƙare ba. Idan ba ka sauke tankin an wanke shi ba kafin damina, za ka dawo zauren nan da maganata. Jet ɗin da aka tsokale da waya ma ka nemi mai lambarsa ka sauya, domin yanzu da iska ta daina sata, man zai yi yawa, fulogai su koma baƙi.

Malamin Kanikanci, Kumo

Maganar Direban Dukku ta ƙarshe daidai ce, kuma tana da muhimmanci wajen saiti. Ka shigar da sukurun mai a hankali har ya taɓa, kada ka danne shi domin bakinsa tsini ne mai saurin lalacewa, sannan ka fito da shi kamar juyi biyu a matsayin mafari. Idan inji ya yi zafi, ba a ja cok ba, matatar iska a ɗaure, ka riƙa juya shi kaɗan-kaɗan kana jira tsakanin kowane juyi, har ka sami inda inji ya fi sauri da santsi. Daga nan ka sauko da silo da ɗayan sukurun zuwa juyi 800 ko 900 a minti, ka sake komawa na man ka gyara. Sau biyu ko uku ake zagayawa kafin su zauna. Ka kunna fitilu ka taka birki ka ga ko zai riƙe.

Mai Akori-kura, Pantami

Na yi yadda Malam ya ce, kuma yanzu sukurun yana amsawa, kwata ɗin juyi ma ana ji. Jiya na je Dadin Kowa na dawo da lodi, na tsaya a shinge uku, ba ta mutu ba ko sau ɗaya, giya tana shiga shiru, ina kashe makulli take tsayawa. Saura abu guda da na lura da shi. Wani lokaci idan na saki totur silo yakan tsaya a sama kaɗan, sai na ɗan taɓa feda sannan ya sauko. Na kama sandar faifan totur na girgiza, tana da ɗan motsi sama da ƙasa, ruwa kuma idan ya taɓa bakinta sautin yana ɗan sauyawa, amma ba kamar na gindin ba.

Mai Kayan Gyara, Gombe

Ai ga irinta nan, Baba. Wannan cinyewar jiki ce, gasket ba ya maganinta.

Tsohon Bakanike, Jekadafari

Cinyewa ce, Alhaji, ban musa ba, amma ramin sandar ne ya faɗaɗa, ba kafireta ce ta mutu ba. Yaro, ka fara duba sifirin da yake mayar da totur da kuma wayar totur ɗin, ka ɗiga musu mai, domin sau da yawa su ne suke riƙe shi. Idan ba su ba ne, masu injin gurza ƙarfe suna fafe ramin su sa masa zoben tagulla, sandar ta koma ta zauna daram, sai dai aikin yana son mai haƙuri, domin idan ramukan biyu ba su miƙe a layi ɗaya ba faifan ba zai rufe ba. Ka gama jigilar kakarka tukuna, wannan motsin ba zai kwantar da kai a hanya ba. Idan lodi ya yi sauƙi ka sauke ta, ka haɗo da jet ɗin da aka tsokale, ka kawo mini ranar da ba Juma'a ba in duba lambarsa, akwai tsofaffi a gwangwanina.